Ɓarawon Cikin Ayari: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rigima a Wasan Dungeons & Dragons

Wane irin wasa ne wannan da har rigima ke shiga cikinsa?

Dungeons & Dragons ya fito ne a Amurka a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro shi. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama a tebur, kowa da jarumin da ya tsara wa kansa a takarda: wannan mayaƙi, wancan matsafi, wani ɓarawo. Mutum ɗaya kuma, jagoran wasa, shi ke bayyana duniyar da suke ciki, shi ke magana da bakin sarakuna da dodanni da 'yan kasuwa. Idan jarumi ya yunƙuro zai yi abin da ba tabbas, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20, lambar da ta fito ta nuna ko ya yi nasara. Ba wasan a ci a ka da wani ba ne, ayari guda ake tafiya. Shi ya sa mutum ɗaya zai iya dagula wa kowa darensa.

Yaya jarumi mai ɓata wasa yake?

A wani zama da na jagoranta, ayarin ya shafe kusan awa biyu yana lallashin wani hakimi ya ba su izinin ratsa ƙasarsa. Ɗaya daga cikin 'yan wasan, mace, ta rubuta sunayen fadawan a gefen takardarta, ta tsara abin da za ta faɗa. Ana dab da daidaitawa sai mai riƙe da ɓarawo ya ce zai zare zoben hakimin daga yatsarsa. Ya jefa lido, 3 ta fito. Aka kama shi, fada ta kaure da faɗa. Ita kuwa sai ta rufe littafinta, ta ɗauki wayarta, ba ta ƙara cewa uffan ba har aka tashi. Shi kaɗai ya yi dariya.

Ire-irensu suna da yawa: mai wawure ganima ya ɓoye, mai kashe fursunan da ake son yi wa tambayoyi, mai cewa shi ba ya tafiya da kowa, har jagora ya koma ba da labari biyu saura suna zaune.

Amma idan ya ce ai halin jarumin nasa ke nan fa?

Wannan ita ce maganar da ake ji a kowane tebur, kuma ban yarda da ita ba. Jarumin nan ba daga sama ya faɗo ba. Kai ka zauna ka ba shi suna, ka ba shi hali, kai ne kuma ke riƙe da linzaminsa a kowane juyi. Idan ka ƙera wanda halinsa shi ne cutar abokan tafiya, to tun ranar ƙirar ka zaɓi cutar da mutanen da ke zaune da kai. Kuma ko ɓarawo na gaske ba kullum yake sata ba. Yana iya ganin zoben ya haɗiye yawu, ya raɗa wa abokinsa cewa hannunsa na ƙaiƙayi a riƙe shi. An ga halin nasa sarai, ba a rusa wa kowa aikin awa biyu ba.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. In da gaske kowa halin jaruminsa zai bi, da tuni ayarin ya kori ɓarawon tun satar farko. Ba su kore shi ba ne saboda abokinsu ne a zahiri, suna jin nauyinsa. Da wannan kunyar tasu yake fakewa.

Dokokin wasan ba su da hannu a ciki?

Suna da shi, musamman na da. Ƙarin littafin Greyhawk na 1975 shi ya kawo ɓarawo da kuma paladin, barden da ya yi rantsuwar tsayawa kan gaskiya. A littafin 'yan wasa na Advanced Dungeons & Dragons na 1978, an hana paladin yin abota da mugaye, alhali a littafin nan dai akwai makashin haya wanda dole ne ya zama mugu. Ka ga in mutum biyu suka zaɓi waɗannan a tebur ɗaya, faɗa ya riga ya ƙullu tun ba a jefa lido ba. Sai kuma jinsin kender na duniyar Dragonlance da ta fito a 1984, 'yan ƙananan mutane marasa tsoro masu ɗauke kayan jama'a ba tare da sun ɗauki hakan sata ba. A littafin labari abin dariya ne, domin marubuci ne ke juya komai. A tebur kuwa maganin warkarwarka ne zai ɓace daidai lokacin da dodo ya kusa gamawa da kai.

Ke nan a hana saɓani tsakanin jarumai gaba ɗaya?

A'a, da an kashe rabin daɗin wasan. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Barde ya dage a miƙa ɗan fashi ga alƙali, maharbiya ta dage a kashe shi don shi ya ƙone ƙauyensu: wannan shi ne labari. Abin dubawa shi ne fuskokin mutanen da ke tebur. In jarumai na musu amma masu su na ƙyalƙyala dariya ko sun matso gaba suna sauraro, a bar su. In murya ta fara tashi da sunan mutum na gaskiya, ko wani ya yi shiru ya koma waya, an bar wasa an shiga wani abu.

Akwai ma wasannin da aka gina kan cin amana. A Paranoia na 1984, kowa na neman tona asirin ɗan'uwansa, kuma kowane jarumi yana da kwafi shida, in aka kashe ɗaya wani ya maye. Fiasco na Jason Morningstar, wanda ya fito a 2009, labarin mutane ne masu mugun shiri da ke wargajewa a kansu. Ba mai fushi a can, domin kowa ya san abin da ya zo yi.

Ina son jarumina ya zama mugu ko maƙaryaci. Yaya zan yi?

Ba shi dalili mai ƙarfi na buƙatar ayarin: bashi, ko ƙanwarsa da ke cikinsu, ko maƙiyi ɗaya da suke da shi. Ka juya muguntarsa waje, kan mutanen da jagora ke riƙe da su. Kafin ka taɓa jarumin wani kuma, ka fito daga labarin ka tambayi mai shi: “Ina tunanin in sace wasiƙar nan taka, ka yarda mu buga shi?” Sau da yawa zai yarda, har ya taya ka tsara yadda zai kama ka. Sannan ka yarda a wani lokacin jaruminka ya sha kashi ko ya tuba.

Za a iya jefa lido a tilasta wa jarumin wani ya yarda da magana?

Tebura da yawa ba sa barin haka, kuma ina tare da su. Wasan Apocalypse World na Vincent Baker, na 2010, ya samo hanya mai kyau: in ka ci nasarar lallashin jarumin wani, mai shi yana samun lada in ya bi, amma zaɓin na nan a hannunsa.

Jagora ya sako wa mai ɓata wasan dodo ya kashe jaruminsa, ba shi ke nan ba?

Zai ƙera wani sabo mai irin halin, ga kuma haushi ya ƙaru. Matsalar a kujera take, ba a takarda ba. A kira shi gefe, ba a gaban jama'a ba, a faɗa masa abin da aka gani. Wani gundura ce ke damunsa don an daɗe ana surutu shi kuma faɗa yake so. Wani bai ma san ya ɓata wa kowa ba. Mai zoben nan da na yi masa magana, cewa ya yi ya ga awa biyu ba a waiwaye shi ba. A nan ni ma da nawa laifin.

Mafi sauƙi dai shi ne tun ran gini tun ran zane. A yi zaman share fage kafin a fara: za a yarda da sata tsakanin jarumai? Yaya za a raba ganima? Me ba a son a taɓo? Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya ware sashe kan irin wannan zama. Wasu kuma suna ajiye kati mai alamar X a tsakiyar tebur, dabarar John Stavropoulos, wanda duk abu ya dame shi ya taɓa, a wuce wurin ba sai ya yi bayani ba.

In an yi magana sau biyu, sau uku, bai daina ba fa?

Sai a sallame shi daga wannan teburin cikin mutunci, a ci gaba da zumunci a wani wajen. Yana da wuya, musamman in shi ya kawo rabin mutanen ko a ɗakinsa ake zama. Amma in aka ƙyale, masu haƙurin ne ke fara ba da uzuri mako bayan mako, har ranar da jagora zai baza taswira ya tarar kujera biyu kaɗai ke da mutane.