Cututtukan jijiya da tsoka masu ƙaruwa da jiyyar ayyukan yau da kullum

Cututtukan jijiya da tsoka masu ƙaruwa rukuni ne na cututtuka da ke cin ƙwaƙwalwa, ko laka, ko jijiyoyin da ke kai saƙo ga gaɓoɓi, ko tsokar kanta, sannu a hankali, har abin da mutum ke iya yi bana ya gagare shi baɗi. A nan suka sha bamban da shanyewar ɓarin jiki, wadda ke yin ɓarnarta tashi ɗaya, daga nan a shiga neman farfaɗowa. Su waɗannan ba sa tsayawa. Akasarinsu babu maganin da ke warkar da su, sai na rage alamu ko rage musu gudu.

Manyan ire-irensu

Wadda aka fi sani ita ce cutar Parkinson, mai sunan likitan Landan da ya bayyana ta a 1817, James Parkinson. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa, sai hannu ya riƙa karkarwa ko yana ajiye, jiki ya sandare, motsi ya yi nauyi, rubutu ya ƙanƙance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019.

A cutar multiple sclerosis, da ake taƙaita sunanta da MS, garkuwar jiki ce ke afka wa rufin jijiyoyi, kamar yadda ɓera ke gaigaye robar wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa tsinkewa a hanya. Ta fi bayyana tsakanin shekara 20 da 40, kuma ta fi kama mata. Cutar ALS (amyotrophic lateral sclerosis) kuwa, wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya yi bayaninta a 1869, jijiyoyin da ke ba tsoka umarni take kashewa, har ta kai ga na haɗiya da na numfashi. Yawancin masu ita shekara biyu zuwa biyar suke yi bayan an gano ta. Masanin kimiyya Stephen Hawking, da aka gano tasa a 1963 amma ya kai 2018, ba a yin awo da shi.

Cutar Duchenne ta gado ce, kuma kusan yara maza kaɗai take kamawa, wajen ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. Jikinsu ba ya samar da furotin ɗin distirofin mai kare tsoka. Ɗaya daga alamunta na farko ba ta ɓoyuwa: yaro zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, kamar mai hawa jikin kansa. Da yawansu na komawa kan keken guragu wajen shekara 12. Akwai kuma cutar Huntington, mai lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wadda duk ɗan mai ita ke da kashi 50 cikin 100 na yiwuwar gadonta.

Abin da jiyyar ayyuka ke yi

Sunan fannin jiyyar ayyuka a Turance, okupeshonal terafi, yakan ruɗi mutane su ɗauka batun neman sana'a ne. Aikin da ake nufi shi ne duk abin da ke cika yinin ɗan Adam: wanka, sa tufafi, kai loma baki, rubutu, zuwa banɗaki, karatu, hira. An kafa ƙungiyar farko ta fannin a jihar New York ta Amurka a 1917, ta duniya kuma a 1952. Likitan gashin ƙashi ƙarfin gaɓa da tafiya yake dubawa. Masanin jiyyar ayyuka tambayarsa ita ce: me kake son yi da ya fara gagarar ka? Daga amsar yake gina komai, shi ya sa ya fi son ganin mutum a gidansa ko wurin aikinsa.

Tun da ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa, dabara uku ake juyawa: a sauya yadda ake yin aikin, a kawo kayan taimako, ko a gyara muhallin. Cokali mai kaurin mariƙi, kofi mai hannu biyu, riga mai manne a madadin maɓalli, kujerar wanka, ƙarfen dafawa a bango. Kaya ne marasa kwarjini, amma su ke raba mutum da jiran sai wani ya zo.

Kowace cuta da salonta. Mai Parkinson yakan kafe a bakin ƙofa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa kamar an manna ta. Abin mamaki, in aka ja layuka a ƙasa ya riƙa tsallakawa, ko ya riƙa ƙirga taku da baki, sau da yawa sai ƙafar ta saku, domin ƙwaƙwalwa ta bi wata hanya ta kauce wa wadda ta lalace. Ana kuma tsara masa ayyuka masu wuya su faɗo lokacin da maganinsa, lefodofa, ke kan ganiyar aiki. Mai MS babban abokin gabarsa gajiya ce, irin wadda barci ba ya kore ta, ga zafi na ƙara tsananta alamunsa. Shi tattali ake koya masa: ya ɗauki ƙarfinsa kamar guzuri, ya yi aiki a zaune, ya huta tun kafin ya galabaita. Yaro mai Duchenne ana duba masa teburin aji, da takalmin roba na dare mai hana dunduniya ƙagewa, da mazaunin keke mai tallafar gadon baya.

A ALS aka fi ganin wahalar aikin, saboda cutar takan riga kayan taimako isowa. Dole masani ya yi tanadi don jikin da mutum zai wayi gari da shi nan da wata shida: keken lantarki, na'urar ɗaga majinyaci, kwamfutar da ake sarrafawa da ƙwayar ido, har da naɗar muryarsa tun tana fita domin na'ura ta yi magana da ita daga baya. Lokacin kawo zancen shi ne ƙashin bayan gwaninta. In aka ambaci keke da wuri, majinyaci ya ji kamar an yanke masa hukunci. In aka yi jinkiri, sai ya faɗi ya karye. Masu jinya ma suna cikin lissafi, ana koya musu ɗagawa ba tare da sun ji wa bayansu ciwo ba, da yawan juya mai kwance don gudun gyambon kwanciya.

Abin da bincike ya nuna

Sakamakon ba ɗaya ba ne. Wani gwaji a ƙasar Holan da aka buga a 2014, mai mutum 191 masu Parkinson, ya gano cewa jiyyar mako goma a gida ta kyautata yadda suke ganin iya ayyukansu. Wani kuma a Birtaniya a 2016, mai mutum 762, bai ga wani amfani na a zo a gani ba, sai dai a can, a matsakaici, zama huɗu ne kawai waɗanda aka yi wa jiyyar suka samu cikin mako takwas.