Alhaji, Sauko Da Kayan Nan Daga Saman Gareji

Salamu alaikum jama'ar Aboabo da Asawase a Kumasi. Wallahi na gaji da ɗinkin kai. Tun da damina ta kankama abu ɗaya muke ta gani a asibitin unguwa, a kawo mutum jini ya wanke masa fuska, ka tambaya me ya faru a ce kayan saman gareji ne suka rufto. Na baya-bayan nan yaro ne, an aike shi ɗauko bokiti, sai da muka tura shi babban asibitin Komfo Anokye saboda ƙashin kafaɗa.

Iyayena, katakon da kafinta ya gitta a can sama don ya riƙe silin ya sa shi, ba don tsohon giyabos ɗin da kuka kwaso daga Magazin, unguwar makanikai, ba. Kuma yawanci katakon itacen da ake kira wawa ne saboda araha, sunan ma ai ya isa gargaɗi, ga laushi ga gara na sonsa, ba katako mai ƙarfi irin odum ba ne. Amma sai a shimfiɗa falanki a jibga taya, batirin mota, tukwanen biki na Hajiya, ragowar siminti, buhu ɗaya kilo 50 fa, biyu sun kai ƙaton mutum, duk a kan ƙusa huɗu, yara na wasa a ƙasa.

Amsar da ke ƙona min rai ita ce "ai shekara biyar yana nan bai faɗo ba". Haba Alhaji. Katako ba ranar da aka ɗora masa kaya yake karyewa ba, a hankali yake lanƙwasa, kwano na yoyo yana jiƙa shi, gara na ci ta ciki, ƙusa na zamewa, har ran da wani zai bugo ƙofa da ƙarfi. Na san gidajenmu na zango ba wuri, ni ma ɗakina a cushe yake, amma mai nauyi ƙasa ake ajiye shi.

A gurguje:
- ƙarfe, siminti, batir, duk su sauko yau
- sama sai tabarma da kwalin da ba komai
- kun ga katako ya yi ciki, ko garin katako na zubowa, a kira kafinta
- in ya faɗo wa mutum yana kukan wuya ko baya, kar a ciccibe shi, a kira lambar agajin gaggawa 112

Ranar Asabar muna zagayen awon yara gida-gida, kuma duk garejin da na shiga sai na ɗaga kai.