Waiwaye: Asalin mintuna biyun da jirgi ke jira kafin ya tashi

Jirgi ya hau kan titin tashi, gabansa fayau, amma hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta hana shi motsawa. Galibi iskar da jirgin gaba ya bari a baya ake jira ta lafa.

Kowane fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda matsin iskar ƙarƙashinsa ya fi na samansa. A bakin fiffiken iskar ƙasa takan nannaɗo ta hau sama, sai a samu guguwa biyu suna bin jirgin. Suna somawa ne daidai inda hancin jirgin ya ɗaga, kuma sun fi ƙarfi idan jirgin yana da nauyi kuma bai yi gudu ba, wato halin da yake ciki lokacin tashi. Sukan nutse ƙasa da kimanin ƙafa 300 zuwa 500 a minti. Iska mai ƙarfi takan kore su. Abin tsoro shi ne 'yar iska marar ƙarfi da ke kaɗowa daga gefe, domin takan tsayar da guguwa ɗaya a kan titin.

Kafin 1970 an fi damuwa da kada jirage su yi karo. Shigowar Boeing 747 a waccan shekarar ce ta sa hukumar jiragen sama ta Amurka ta ware manyan jirage a rukuni na daban. A Mayun 1972 wani jirgi ƙirar DC-9 na kamfanin Delta da ke atisaye a Fort Worth ta Amurka ya biyo bayan babban jirgi ƙirar DC-10, guguwar ta kifar da shi, mutum huɗu suka rasu. Aka sake faɗaɗa tazara.

Boeing 757 ya nuna cewa nauyi kaɗai bai isa ma'auni ba. Ba ya cikin manya, amma ƙananan jirage biyu sun faɗi a bayansa, a Billings a 1992 da Santa Ana a 1993, sai aka ba shi doka tasa. Hatsarin Nuwamban 2001 a New York kuwa darasinsa daban ne. An ba Airbus A300 na American Airlines tazarar da doka ta ce a bayan 747 na Japan, amma ya shiga guguwar. Mataimakin matuƙi ya riƙa taka abin juya wutsiya dama da hagu da ƙarfi har wutsiyar ta ɓalle. Mutum 265 suka mutu. Daga nan aka gyara horon matuƙa.

Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya (ICAO), wadda hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya (NAMA) ke bi, da farko ta raba jirage gida uku: mai nauyin kilo 136,000 zuwa sama, matsakaici, da wanda bai wuce kilo 7,000 ba. Matsakaici ko ƙarami a bayan babba zai jira minti biyu. Idan daga tsakiyar titin zai fara gudu, minti uku, domin zai ɗaga kusa da inda guguwar ta fara. Tituna biyu masu jere da tsakaninsu bai kai mita 760 ba, ɗaya ake ɗaukarsu. Da katafaren jirgin Airbus A380 ya fara aiki a 2007 aka ƙara wa na bayansa minti guda. Lokacin jigilar alhazai a Kano, ƙaramin jirgin cikin gida da ya biyo bayan 747 wannan lissafin ake yi masa.

Yanzu cunkoso ne ke jan dokar baya. Rukuni uku sun yi faɗi da yawa: Boeing 767 da 747 duk manya ne a takarda, alhali guguwarsu ba ɗaya ba. A 2012 filin jirgin Memphis da ke Amurka ya fara aiki da rukuni shida, ana duba faɗin fiffike da gudu tare da nauyi, Paris ta bi a 2016. A wasu haɗe-haɗen an rage tazarar, amma a bayan manya an ƙara wa mafi ƙanƙantan jirage.