Ciwon Baya a Wurin Aiki: Zama Ne Ko Dako Ne?

Ni da nake zaune a ofis duk yini, ban ɗauki komai ba, me ya haɗa ni da ciwon baya?

Zaman ne ya haɗa ka. A ƙugu akwai ƙasusuwa 5 a jere, tsakaninsu da wani faifai mai laushi kamar matashi, ga tsoka da jijiyoyi sun riƙe su. Ba sa son a kafe su wuri guda. Kai da ka sunkuya kan kwamfuta, da tela a kan keke, da mai kitso, da direban adaidaita sahu, duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a gano wata takamaimiyar cuta da ta jawo shi.

To, sai na sayi kujera mai tsada?

Ba dole ba. Ko kujerar zinare ce, in ka shafe awa uku a kai ba motsi, baya zai yi tsami. Ka riƙa miƙewa duk bayan rabin awa, ko da zuwa shan ruwa ne. Ƙafafunka su taka ƙasa, saman allon kwamfuta ya yi daidai da idonka, ka naɗe ɗan tawul ka tokare ƙugu da shi. Walat ɗin nan da ka cusa a aljihun baya kake zama a kai kuwa, fito da shi, karkata ka yake yi.

Mu masu dako fa?

Buhun siminti kilo 50 ne, ba abin wasa ba. Ka matso da kaya jikinka, ka durƙusa da gwiwa, ƙarfin cinya ya ɗaga maka. Abin da ya fi karya mutane shi ne murɗa ƙugu da kaya a hannu, misali wajen jefa buhu cikin mota. Juya da ƙafafunka gaba ɗaya. Idan akwai baro a yi amfani da shi, in babu a kama maka. Cewa "taimaka min" ba ragwanci ba ne.

In ya tashi, in kwanta har ya lafa?

A'a. Doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi. Ka rage aiki mai nauyi, ka ci gaba da 'yar tafiya, ka gasa wurin da ruwan ɗumi. Yawanci cikin mako 4 zuwa 6 yake sauƙi, ba sai an ɗauki hoto ba.

An ce min basir ne, wasu sun ce sanyi ne.

Haka ake cewa a kowace majalisa, amma basir a dubura yake, ba ruwansa da ƙashin baya. Kafin ka ɗirki haɗin mai talla, ka sani cewa ibuprofen da diclofenac ma, da ake sayarwa a kemis, in aka ɗore da shan su suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Tramadol kuwa, da wasu leburori ke haɗiya don su ƙara ƙarfi, ɓoye ciwon kawai take yi, ta bar mutum da jaraba. A jagorar da ta fitar a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da irin wannan ƙwaya ko bel ɗin ɗaure ƙugu ba ga ciwon da ya daɗe. Motsa jiki yana cikin abubuwan da ta ba da shawarar a yi.

Yaushe ne ya zama na asibiti?

In fitsari ko bayan gida ya fara kufce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ƙafa ta yi rauni, kada ka kwana a gida. Haka in akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya. Wanda ya faɗo daga sama a wurin gini shi ma kada ya jira. In kuwa ciwon ya wuce mako 6 bai lafa ba, nemi likita ya tura ka sashen gashin ƙashi, irin wanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.