Ma'aikacin da ƙwaƙwalwarsa ke aiki daban: me doka ta ɗora wa mai ba da aiki?

Akwai ma'aikatan da a ofis ake yi wa kallon masu taurin kai ko marasa natsuwa, alhali abin da ke faruwa shi ne ƙwaƙwalwarsu ce ke sarrafa bayanai ta wata hanya daban da ta yawancin mutane. Cikinsu akwai masu otizim, wanda wasu kafafen labarai ke kira galahanga, akwai masu ADHD da tattara hankali wuri guda ke ba su wuya, akwai masu disleksiya da haruffa ke rikice musu wajen karatu da rubutu. Da yawansu sun iya aikinsu sosai, matsalar tana zuwa ne daga yadda aka tsara wurin aikin, kuma a nan ne doka ta shigo.

Tushen maganar shi ne Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa, wadda aka amince da ita a watan Disambar 2006 ta kuma fara aiki a Mayun 2008, yawancin ƙasashen duniya sun rattaba mata hannu. Sashe na 1 bai tsaya kan nakasar da ido ke gani ba, ya haɗa da larura mai daɗewa ta tunani da ta fahimta da ta ji da gani, idan ta haɗu da shingen da jama'a suka gindaya ta hana mutum shiga harkokin rayuwa kamar kowa. Sashe na 27 ya yi magana kan aiki tun daga ɗauka har ƙarin girma. Amma wurin da nake so a tsaya a kai shi ne sashe na 2, inda aka ce ƙin yi wa mutum gyaran da ya dace da yanayinsa shi ma wariya ne. Wato ko ba ka zage shi ba, ko ba ka kore shi ba, in ya nemi a ɗan sauya masa tsari don ya iya aiki ka ƙi ba tare da hujja ba, to ka nuna masa wariya kenan.

Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su gane ba. Oga zai ce ai ni kowa ɗaya na ɗauka, doka ɗaya ga kowa, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Sai dai in ka gina ofis da matattakala kaɗai, mai keken guragu ba zai shiga ba duk da ba ka rubuta sunansa a ƙofa ka ce kar ya shigo ba, to haka hayaniyar babban ofis da fitila mai ƙyalli da umarnin baka da ake yi a gurguje suke ga wani mai otizim.

To wane irin gyara ake nufi? Galibi ba wani abu mai tsada ba ne. A bar mutum ya sa abin toshe kunne mai rage ƙara, ko a mayar da teburinsa lungu nesa da ƙofa da firinta. Bayan mitin a tura masa abin da aka yanke a rubuce, abu na ɗaya kaza, na biyu kaza, ranar miƙawa kaza, maimakon a ce "ka duba abin nan in ka samu lokaci" wanda shi ba zai san ko yau ake nufi ko wata mai zuwa ba. Mai disleksiya a sa masa manhajar da ke karanta rubutu da murya, a ƙara masa lokaci a jarrabawar ɗaukan aiki. Mai ADHD a raba masa babban aiki gida-gida, a riƙa ɗan zama da shi a taƙaice ana duba inda aka kwana. In za a canza jadawali a faɗa da wuri.

Ƙasashe sun sa wannan a dokokinsu ta hanyoyi mabambanta. A Amurka dokar kare haƙƙin masu nakasa ta 1990, wato ADA, ta hau kan masu ba da aiki da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. A Birtaniya Dokar Daidaito ta 2010 ba ta lissafa sunan otizim ko ADHD ba, tambayar da take yi ita ce shin larurar tana da tasiri mai yawa kan harkokin yau da kullum, kuma ta kai wata 12 ko ana ganin za ta kai. Don haka ba duk mai ADHD ne kai tsaye doka za ta kira mai nakasa ba, ana duba yadda abin ke shafarsa ne. Dokar ta kuma hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗin gyaran, ta taƙaita tambayoyin lafiya kafin a yi wa mutum tayin aiki. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin ma'aikata a can ta tabbatar da hukunci kan sashen lauyoyin gwamnati, saboda wata mai neman aiki da ke da nau'in otizim ta roƙi a bar ta ta amsa jarrabawar canki-canka da gajeren rubutu aka ƙi, kotu ta ce an nuna mata wariya.

Shi ma mai ba da aiki doka ba ta ɗaure shi tamau ba. Yarjejeniyar ta ce gyaran kar ya zama nauyin da ya wuce kima, shi ya sa ake duba kuɗin da zai ci, da ƙarfin kamfanin, da ko gyaran zai yi amfani da gaske. Abin da ake tsammani daga babban banki ba shi ake tsammani daga shago mai ma'aikata uku ba. Kuma ba a ce a cire ainihin aikin ba, akanta dole lissafinsa ya fita daidai, hanyar da zai bi ya kai can ce ake sassautawa.

Inda abin ya fi ciwo a ganina shi ne batun faɗa ko ɓoyewa. A dokar Birtaniya, in mai ba da aiki bai sani ba kuma babu yadda za a yi tsammanin ya sani, nauyin gyaran bai hau kansa ba. Kenan kariya ta fi ƙarfi in ma'aikaci ya buɗe baki, amma wallahi buɗe bakin ba sauƙi, mutum na tsoron a fara yi masa kallon marar lafiya, a daina ba shi manyan ayyuka, shi ya sa wasu ke kwashe shekaru suna kwaikwayon yadda sauran ke magana da dariya da haɗa ido, su koma gida a gajiye liƙis. Wanda ya yanke shawarar faɗa, gara ya yi a rubuce ta imel, ya ambaci abin da ke ba shi wuya da gyaran da yake nema takamaimai, ya ajiye kwafi. Manajan da aka faɗa wa kuma sirri aka ba shi, ba labarin da zai baza wa abokan aiki ba ne, kuma kar ya ce ai na taɓa aiki da mai otizim na san abin da kuke so, don mutum biyu masu larura iri ɗaya buƙatarsu na iya shan bamban ƙwarai. Ya tambayi wanda ke gabansa, su gwada gyaran na ɗan lokaci, su sake zama su ga ko ya yi aiki ko a canza wani.