Bayan an sallami mai ciwon sikizofireniya, waye ke bibiyarsa?

Jama'a, a cikin masu taɓin hankali da muke gani a wajen aiki, masu sikizofireniya su ne aka fi saurin mantawa da su da zarar sun lafa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da yake sa mutum ya riƙa jin muryoyi alhali ba kowa, ko ya kafe cewa ana bin sa ko ana zuba masa guba, magana ta tarwatse. Yawanci yana farawa daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, maza ya fi kama su da wuri, kuma yawan shan wiwi na ƙara haɗarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ce kusan mutum miliyan 24 ne ke da shi, wato 1 cikin 300, sannan sama da kashi biyu cikin uku na masu irin wannan larura ba sa samun kulawar ƙwararru.

Magani fa akwai, tun 1952 aka fara amfani da Chlorpromazine, ga Haloperidol, Risperidone, Olanzapine, har da allurar da ake yi duk bayan sati biyu zuwa huɗu. Aƙalla mutum ɗaya cikin uku alamomin na tafiya gaba ɗaya.

Matsalar tana farawa ne ranar sallama. An kwantar da mutum, muryoyin sun yi sauƙi, a miƙa wa 'yan uwa ƙwayoyi ba tare da an zaunar da su an yi musu bayani ba, to bayan 'yan watanni hannu ya fara rawa, jiki ya sandare ko ƙiba ta zo ga barci ba ƙaƙƙautawa, sai ya jefar da maganin, su kuma 'yan uwa su ce ai dama ya warke. Daga nan sai ciwo ya dawo, kowa ya gaji, wasu har ɗaurewa suke da sarƙa. Alhali duk waɗannan illolin likita zai iya rage su ta hanyar rage yawan maganin ko sauya shi, in ma magunguna biyu sun gaza akwai Clozapine, sai dai shi yana buƙatar gwajin jini akai-akai.

Sai kuma ɓangaren da ake kira lalaci: zaman shiru, ƙin wanka, rashin sha'awar komai. Shi ma ciwon ne wallahi, faɗa ba ya gyara shi, a ba shi ɗan aikin da zai iya, a riƙa ci tare da shi.

Kuma a duba jikinsa. Masu ciwon sun ninka sauran mutane sau 2 zuwa 3 wajen mutuwa da wuri, galibi ta ciwon zuciya, suga da cututtuka masu yaɗuwa, saboda ko ƙirji ya ce yana masa ciwo sai a ce "ciwon nasa ne". In kun kai shi karɓar magani ku nemi a auna hawan jini, suga da nauyi. In ya fara zancen kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.