Frank Zappa

Frank Vincent Zappa (21 ga Disamba 1940 – 4 ga Disamba 1993) makaɗi ne ɗan Amurka, mai tsara kiɗa kuma gwanin jita. Ya gauraya kiɗan rock da jazz da irin kiɗan taron makaɗa na Turai, ya haɗa da waƙoƙin zambo. Ya fitar da kundi 62 a rayuwarsa.

Tasowa

An haife shi a Baltimore, jihar Maryland, daga baya iyayensa suka koma Kalifoniya. Da ganga ya fara kafin ya riƙe jita, kuma kusan duk abin da ya sani na rubuta kiɗa shi ya koya wa kansa. Tun yana saurayi ya kamu da son aikin Edgard Varèse, Bafaranshen da ke rubuta kiɗan kayan bugu, tare da waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka. Kundinsa na farko da ƙungiyar The Mothers of Invention, wato Freak Out!, ya fito a 1966.

A kan dandamali

Dandamali ne wurin aikinsa na gaskiya. A 1967 ƙungiyar ta shafe watanni tana wasa a zauren Garrick da ke New York, inda ake janyo 'yan kallo su hau su shiga cikin wasan. Zappa yana juya makaɗansa da alamun hannu: da motsin yatsa sai su sauya amo ko saurin bugu a tsakiyar waƙa. Saboda haka kafin kowane rangadi sai an yi makonni ana atisaye, kuma bai lamunci shan ƙwaya ga ma'aikatansa a bakin aiki ba. Makaɗa irin su George Duke, Ruth Underwood, Terry Bozzio da Steve Vai duk sun bi ta hannunsa. Zappa ya rubuta wa Bozzio "The Black Page", kiɗan da ya samo sunansa daga yadda alamomin rubutu suka cunkushe a takarda har ta yi baƙi.

Disambar 1971 ta zo masa da wahala. Ranar 4 ga wata, ana tsakiyar wasa a Montreux ta Suwizalan, wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi, ginin ya ƙone ƙurmus har da kayan kiɗan ƙungiyar. Wannan gobara ce ƙungiyar Deep Purple ta waƙe a "Smoke on the Water". Ranar 10 ga watan kuma, a zauren Rainbow na Landan, wani ya ingizo shi daga dandamali ya faɗa ramin da makaɗa ke zama. Ya samu karaya da rauni a maƙogwaro, ya daɗe a keken guragu, muryarsa ma ta ƙara kauri tun daga lokacin.

Yana naɗar wasanninsa da yawa, yana tara kasakasan a wata ma'ajiya a gidansa da ke Los Angeles. Daga nan yake yanko kiɗan jitar da ya ƙirƙira nan take a gaban jama'a ya ɗora a kan wata waƙa dabam, dabarar da ta fito fili a kundin Joe's Garage na 1979. Masu bin aikinsa da dama sun fi fifita Roxy & Elsewhere na 1974 a cikin kundayen wasa kai tsaye, kuma suna da hujja. Jerin You Can't Do That on Stage Anymore, juzu'i shida, ya fito tsakanin 1988 da 1992. Rangadinsa na ƙarshe na 1988, mai makaɗa goma sha biyu, ya watse kafin a kammala saboda rashin jituwa a ƙungiyar.

Kiɗan taron makaɗa

Pierre Boulez, Bafaranshe jagoran taron makaɗa, ya jagoranci wasu ayyukan Zappa a kundin The Perfect Stranger na 1984. A Satumbar 1992 ƙungiyar Ensemble Modern ta gabatar da The Yellow Shark a Frankfurt da Balin da Biyana. A lokacin ciwon daji ya ci ƙarfinsa, don haka a Frankfurt kaɗai ya iya bayyana.

Ce-ce-ku-ce

Wasu na sukar waƙoƙinsa da batsa da cin zarafin mata, magoya bayansa kuwa sun ce zambo ne da bai bar kowa ba. A Satumbar 1985 ya bayyana gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka yana adawa da shirin manna wa faya-fayai alamar gargaɗi.

Bayan rasuwarsa

An shigar da shi Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwanayen kiɗan rock, a 1995, shekarar da aka kafa mutum-mutuminsa a Vilnius, babban birnin Lituweniya, garin da bai taɓa zuwa ba. Farin jininsa a Gabashin Turai ya samo asali tun zamanin kwaminisanci, lokacin da ake sauraronsa a ɓoye. A 1990 Shugaban Chekoslobakiya Václav Havel ya karɓe shi a Prague. A Bad Doberan ta Jamus an fara bikin kiɗansa mai suna Zappanale wajen 1990. Ɗansa Dweezil ya fara rangadin Zappa Plays Zappa a 2006, sannan a 2022 kamfanin Universal Music ya sayi haƙƙin ayyukansa da ma'ajiyar, wadda har yanzu ake fitar da sababbin kundaye daga cikinta.